Man Da Ya Hana Jirgin Mama Sauka

Akwai wata tela da kowa a gidansu yake kira Yaya, har mahaifiyar da ta haife ta. Ita ce babba a ɗakinsu. Tun da mahaifinsu ya rasu, shekara goma sha biyu ke nan, ta kwaso keken ɗinkinta ta dawo ɗakin da ke jikin na Mama, ba ta sake matsawa ba.

Ƙoƙari kam tana da shi, ba mai musu. Ita ke jera wa Mama magunguna a ƙaramin faranti, ta yanke mata farce, ta gasa mata ƙugu da ruwan zafi idan ciwon ya motsa. Ko keke na gudu, idan Mama ta yi tari ta san na ƙishirwa ne ko na neman hira.

Amma fa, jama'a, Yaya tana da nata ciwon da likita bai rubuta ba. Ba ta iya jin an yabi matar ƙaninta.

Ƙanin nata shi ne Auta, matuƙin ƙaramin jirgin sama, irin mai farfela ɗaya a hanci da kujera huɗu. Aikinsa kai magani da ma'aikata wuraren da mota ba ta isa da daɗi. Matarsa kuwa malamar firamare ce, siririya, mai saurin dariya, kowa Malama yake ce mata.

Ƙarshen mako kaɗai Malama take zuwa. Ta shigo da ledar lemo, ta zauna a ƙasa jikin kujerar Mama, su yi ta kwasar dariya kamar ƙawaye. Da ta tafi, sai Mama ta kwana uku tana labarinta.

Ko baƙo ne ya shigo gaisuwa, sai ka ji Mama tana cewa, "Kun ga matashin nan? Matar Auta ce ta kawo min. Tun da na fara jingina da shi bayana ya lafa."

Yaya tana jin su daga ɗaki. Ita ta ɗinka wa matashin riga, ita ke shanya shi a rana, amma ba a taɓa faɗa wa baƙo wannan ba. Sai ta ƙara taka keke da ƙarfi, wani lokaci har allura ta karye.

Ana nan sai Auta ya samu aiki a wata ƙasa, inda zai koma tuƙa manyan jirage. Maigidansa ya ji daɗin zama da shi, ya ce kafin ya tafi ya ɗauki ƙaramin jirgin na yini ɗaya, ya kai iyalinsa duk inda suke so. Yini ɗaya tak, ranar Asabar mai zuwa.

Auta ya zo gida da taswira a naɗe, matarsa na biye da shi. Ya ture yadi da almakashin Yaya gefe, ya shimfiɗa ta a kan tebur.

"Mama, ranar taki ce," in ji shi. "Ki zaɓi inda kike so. Mu tashi da safe, mu dawo kafin rana ta faɗi."

Mama ta yi dariya. "Ni da ko tsakar gida sai da sanda?"

"Ai jirgi ba ya faɗa rami, Mama. Kina zaune kawai za ki ga mun isa."

Ya ɗora yatsa a kan wani babban tafki, tafiyar awa biyu, ya fara kwatanta mata tsuntsaye da kwale-kwale. Bai gama ba Malama ta leƙo ta bayan kafaɗarsa.

"Mama, garin Inna Ƙarama fa? Ko ba ku ce shekara tara rabon da ku ga juna ba? Auta ya taɓa gaya min akwai filin sauka a bayan gonakinsu."

Inna Ƙarama ƙanwar Mama ce, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma su biyu suka rage. Tana zaune a wani gari a kan duwatsu. A mota tafiyar awa goma sha ɗaya ce, hanyar duk ramuka, ƙugun Mama ba zai ɗauka ba. Ita ma Inna ƙafafunta sun daina ɗaukarta tun da ta yi wata doguwar jinya. Sai dai waya, wayar ma tana yankewa kafin a gama gaisawa.

"Minti arba'in da biyar ne a jirgi," in ji Auta. "Ni kaina ban yi wannan tunanin ba."

Mama ta dafa ƙirji, idonta ya ciko. Can ta kama hannun Malama ta ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yar nan."

Yaya tana tsaye da tef ɗin awo a wuya. Ita ce fa take riƙe wa Mama waya duk sanda za a kira Inna. Ita ce take ganin hawayen bayan wayar ta yanke. Da an ba ta minti ɗaya, ai da ita za ta faɗa. Amma ga shi an riga ta, albarkar ta tafi inda ta saba tafiya.

Sai Auta ya ciro ma'auni daga jaka ya ajiye a tsakiyar ɗaki.

"To kowa ya hau. Ƙaramin jirgi ba a yi masa ƙarya. Mutum, kaya, mai, duk sai na san nauyinsu kafin in tashi."

Aka riƙe Mama ta hau. Malama ta hau, allurar ta ɗan motsa kamar ba ta so. Da Yaya ta hau, Auta ya sunkuya ya duba, ya ɗago yana danne dariya.

"Yaya, ko za ki cire tef ɗin nan? Ƙila shi ne."

"Ka kiyaye ni, Auta."

"Ba komai, mun shiga dukanmu. Garin Inna kusa ne, ɗan mai kaɗan zan zuba. Sai dai Yaya za ta zauna gaba kusa da ni, don jirgin ya daidaita."

Malama ta tafa hannu. "Yaya kin more, gaba ta fi kallo. Ni sai in zauna baya in riƙe Mama."

Da zuciya ɗaya ta faɗa. Amma abin da Yaya ta gani daban ne. Ta ga kanta a gaba kamar buhun da aka ɗora don daidaita kaya, ta ga Malama a baya tana riƙe da hannun Mama. Ta ga sun sauka, Inna Ƙarama tana kuka tana tambayar wa ya yi wannan dabara, Mama tana nuna matar Auta. Labarin da za a yi ta bai wa baƙi ke nan har ƙarshen rayuwa.

Ta gyara murya ta ce, "Idan tafkin ne fa?"

"Can babu inda zan sha mai," in ji Auta yana naɗe taswira. "Sai na cika tanki taf tun daga nan. Man kuwa nauyi gare shi. Idan na cika, mutum biyu kawai zan iya ɗauka."

"Mutum biyu," in ji Yaya. Ta adana maganar a ranta.

Tun daga washegari ta fara aiki, kuma kun san mai ɗinki ba ta gaggawa. Tana zuba wa Mama shayi sai ta ce ta ji an ce filayen kan dutse gajeru ne, iska tana kaɗa jirgi. Tana taje mata kai sai ta tuna mata ita ce fa take cewa ba ta taɓa ganin babban ruwa ba. Ranar Laraba ta ce ai Inna ba ta da lafiya, zuwa da baƙi har huɗu wahalar da ita ne.

Mama dai sai ta ce, "Uhm," ta ci gaba da kallon taga.

Ranar Alhamis da hantsi, tana gasa mata ƙugu, abin da ke cikin ya fito fili.

"Shekara goma sha biyu, Mama. Ban taɓa cewa ga abin da nake so a gidan nan ba. Sau ɗaya na kawo shawara, ko kallonta ba a yi ba. Amma wata tana buɗe baki an ce Allah ya yi albarka. Ba komai. Ku je. Ni dama ina da ɗinkin mutane."

Mama ta bari har Yaya ta gama gashin. Sannan ta ce, "Miƙo min waya."

Ta kira Auta ta ce ta yi tunani, tafkin take so.

"Mama, Inna fa?" Muryarsa tana fitowa har inda Yaya take durƙushe.

"Ka ce ranar tawa ce. Tafki na ce."

"To ai kin san ɗaya za ta zauna a gida."

Kafin Mama ta amsa, aka ji muryar Malama daga can gefensa. "Ni zan zauna mana. Yaya ta fi sanin lokutan maganin Mama. Ku dai ku ɗauko min hoto."

Yaya ta matse tsumma ta kwashe ruwan. Ta samu abin da take so, har ta yi waƙa a ƙasan maƙoshi tana wanke roba.

Ranar Asabar da sassafe suka isa filin jirgi. Auta ya zagaya jirgin yana taɓa nan yana leƙa can, ya hau kan fiffike ya buɗe murfin tanki, ya ga mai har baki. Malama ta rako su da kwandon burodi da ayaba. Ta gyara wa Mama mayafi, ta ja mijinta gefe ta yi masa magana ƙasa-ƙasa, ya gyaɗa kai. Yaya ta gani ta taɓe baki.

Ta shige baya ta zauna jikin Mama, ta ɗaure mata bel da hannunta. Auta ya sa musu abin magana a kunne saboda ƙarar inji. Jirgin ya yi gudu mai tsawo kafin ya rabu da ƙasa. Yaya ta leƙa ta ga Malama ta zama 'yar mitsitsiya tana ɗaga hannu, ta ji sanyi a ranta.

Mama ta riƙe mata hannu gam. Gidaje suka koma kamar akwatunan ashana, gonaki kamar ƙyallayen da suka zube a ƙasan teburin ɗinki. Mama tana ta salati tana dariya. Yaya ta ce a ranta, yau dai ni ce.

Bayan kamar minti arba'in, jirgin ya karkata dama. Duwatsu suka taso a gabansu.

"Auta, wannan ce hanyar?" in ji Yaya.

"Ɗan ratse ne, minti goma. Mama, duba ta tagarki."

Mama ta manna goshi a gilashi. Ta ga rafi ya yi gwiwa a gindin dutse, ta ga wata tsohuwar gada. Ta matse hannun Yaya.

"Garinmu ne. Auta, garinmu ne! Ga gadar da muke wanki!"

Auta ya yi ƙasa da jirgin. A bayan wani gida mai jan rufi, an shimfiɗa fararen zannuwan gado guda uku a fili, an danne su da duwatsu. A tsakiya an ajiye kujera. A kan kujerar wata tsohuwa ce, ta ɗaura ɗankwali a kan sanda tana ɗagawa da hannu biyu, mutanen gida sun kewaye ta.

"Malama ce ta yi ta neman su a waya tun shekaranjiya," in ji Auta. "Ta ce ko ba za a sauka ba, a fito da Inna ku ga juna."

Mama ta saki hannun Yaya. Ta dafa gilashi da tafukanta biyu tana kira, "Ƙarama! Ƙarama, ga ni!" kamar muryar za ta huda ƙarar inji ta sauka.

Auta ya zagaya sau ɗaya, ya sake zagayawa. Can gaba kaɗan ga filin saukar nan, ɗan jan layi a kafaɗar dutse.

"Auta, ga fili can," in ji Mama. "Sauke ni. Ko minti biyar ne. In taɓa ta kawai."

Auta ya duba ma'aunin mai, ya girgiza kai.

"Mama, ba zai yiwu ba. Jirgin ya yi nauyi. Filin gajere ne, ƙarshensa kwari. Da tanki cike haka, ko na sauka lafiya ba zan iya tashi ba."

"Ai mu biyu ne kawai!" in ji Yaya. Ba ta san sanda ta ɗaga murya ba. "Ka ce mu uku ma za ka iya!"

"Da ɗan mai na ce, Yaya. Man da na ƙara saboda tafki ya ninka nauyin Malama."

Yaya ta ji maganar har cikin ƙashinta. Ta juya ta kalli fiffiken da man yake ciki. Ita ta sa aka cika shi.

Auta ya yi zagaye na uku, ya kaɗa fiffike hagu da dama alamar sallama, ya miƙe. Mama ta bi kujerar da kallo har wuyanta ya ƙi juyawa. Tsohuwar ba ta sauke sandar ba har dutse ya rufe ta.

Tafkin yana da kyau, ba ƙarya. Ruwa har inda ido ya ƙare, fararen tsuntsaye, iska mai sanyi. Auta ya kafa wa Mama kujera a inuwa. Mama ta ce, "Ma sha Allah," ta karɓi ayaba ta riƙe ba ta ɓare ba. Yaya ta zauna kusa da ita, babu Malama, babu baƙo, babu mai raba su. Abin da ta yi shekaru tana nema ke nan, amma ta kasa haɗa ido da mahaifiyarta.

Ba su yi awa ɗaya ba ta tashi ta sami Auta a gindin jirgi.

"Yanzu ai mai ya ragu. Idan muka koma za ka iya sauka?"

"Nauyi kam ya yi daidai," in ji shi, yana kallon sama. "Amma duwatsun nan da rana ta take sai hadari ya rufe su. Shi ya sa can da safe ake zuwa."

"Don Allah, Auta. Mu gwada."

Bai taɓa jin ta roƙe shi ba. Ya ɗauke kujera suka tashi.

Duk tsawon hanyar Yaya addu'a take yi. Amma tun daga nesa suka hango shi, baƙin hadari ya zauna a kan duwatsun, ya rufe gari da gada da fili. Jirgin ya fara tsalle. Auta ya bi gefe yana neman ko 'yar kafa, bai samu ba.

"Ku yi haƙuri," in ji shi. "Ba zan shiga da ku cikin wannan ba."

Ya juya hancin jirgi gida.

Da la'asar suna ɗaki, Yaya ta durƙusa tana cire wa Mama takalmi. Ƙafafun sun kumbura saboda zama. Ta riƙe su a cinyarta, sai kuka ya ƙwace mata.

"Mama, ni ce. Ba don ruwa na ce tafki ba. Ba don filin gajere ne ba. Don kada Malama ta shiga jirgin ne. Ki yafe min."

"Na sani," in ji Mama.

Yaya ta ɗago.

"Tun ranar da kika tambayi Auta mutum nawa zai ɗauka na sani. Ni na haife ki."

"To me ya sa kika yarda? Me ya sa ba ki tsawata min ba?"

Mama ta ɗora hannu a kanta.

"Matar Auta baƙuwa ce a wurina, shi ya sa nake gode mata da baki. Ke kuwa ban taɓa zaton sai na faɗa miki ba, wannan laifina ne. Ranar da kike gasa min ƙugu na ji yadda muryarki take. Na ga idan na ce garinmu, za ki ɗauka na zaɓe ta na bar ki, kuma ba za ki daina ɗauka ba har in mutu. Sai na ce bari in zaɓe ki sau ɗaya, ki gani da idonki."

"Da Inna kika biya, Mama."

"Da ita na biya," in ji Mama. "Ba ni da wani abin da ya kai ta."

Auta ya tafi bakin sabon aikinsa a makon da ya biyo. Yaya ta je har makarantar Malama, ta jira aka tashi, ta faɗa mata komai a bakin aji. Malama ta yi kuka, ta ce ya wuce. Su biyun suka shiga neman mota mai shimfiɗa da za ta iya kai Mama a kwance idan ruwan sama ya ɗauke, hanya ta bushe.

Ruwan bai ɗauke ba aka kira waya. Yaya ce ta ɗauka. Inna Ƙarama ta rasu da asuba.

Wanda ya kira wayar ya ƙara da cewa tun daga waccan Asabar, duk ƙarar jirgin da Inna ta ji a sama, sai ta ce a yi maza a fitar da ita fili, ƙila yau za su sauka.

Yaya ta ajiye wayar. Daga ɗakin da ke jikin nata Mama ta yi kira, "Yaya, wa ye a waya?"

Darasi: Kishi ba ya tsayawa a kan wanda kake kishi da shi, sau da yawa wanda kuke ƙauna tare shi ne yake biya. Idan wani ya riga ka kawo alheri ga iyayenka, ka tallafa masa, domin wata damar sau ɗaya take zuwa. Ku kuma iyaye, ku riƙa gode wa mai ɗawainiya da ku kullum, kada ku bari sai ya roƙa. Tura wannan labari ga 'yan'uwanka, wataƙila akwai gidan da zai gyara tun lokaci bai ƙure ba.